Yadda Sabon Ɗan Wasa Zai Haɗa Mek Ya Kuma Tuƙa Shi a MechWarrior Online

MechWarrior Online wasan kwamfuta ne da kamfanin Piranha Games na birnin Vancouver a Kanada ya fitar a 2013. Kyauta ake sauke shi, kuma yana kan Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, tun 2015. Mutum 12 ne ke karawa da mutum 12, kowa a cikin mek ɗinsa, wato ƙatuwar na'urar yaƙi mai tafiya da ƙafa biyu, wadda nauyinta ke farawa daga tan 20 har zuwa tan 100. A karawar yau da kullum da ake kira Quick Play rai ɗaya gare ka. In aka kayar da kai a minti na biyu, sai dai ka zauna kallon 'yan'uwanka har a tashi. Saboda haka duk abin da za mu faɗa a nan yana komawa ga abu guda: mek ɗin da ya daɗe a tsaye yana harbi ya fi wanda aka cika wa bindigogi ya faɗi da wuri amfani.

Kafin karawar farko

Fara da shiga saitin wasan ka rage saurin maus. Yadda yake zuwa ya yi gaggawa ainun, kuma leza a wannan wasa ba harbi ɗaya take yi ta gama ba, haskenta na ɗaukar kusan daƙiƙa guda yana ƙuna. In hannunka na rawa, ɓarnar za ta warwatsu a jikin abokin gaba maimakon ta taru a waje ɗaya. Mafi yawan gogaggu suna ajiye shi tsakanin 0.1 da 0.3. Sannan ka danna F4 ka koma kallon cikin ɗakin matuƙi, don a can ne kake ganin duk ma'aunan da kake bukata. Wanda ke wasa daga Najeriya ko Nijar ya bar sabar Turai kaɗai a buɗe, ya cire alamar da ke kan ta Arewacin Amurka da ta yankin Ostireliya, domin ta Turai ce ta fi kusa, jinkirin saƙo ya fi ƙanƙanta a kanta.

Ka yi darasin horon da ke cikin wasan har ƙarshe. Ana biyan ka kuɗin wasa, C-Bills, a kan kammala shi. Karawa 25 na farko su ma suna zuwa da ƙarin lada na sababbin shiga. Kada ka taɓa wannan kuɗi tukuna. Akwai mek na gwaji da ake ba kowa aro kyauta, da su za ka yi waɗannan karawa, kana sauyawa daga wannan aji zuwa wancan har ka gane wanda hannunka ya karɓa.

Abin da ke rikita sabon shiga a tuƙi shi ne ƙafafu da ƙirji kowa hanyarsa daban. W da S na ƙara gudu da rage shi, A da D na juya ƙafafu, maus kuwa ƙirji yake juyawa. Kana iya fuskantar gabas alhali ƙafafunka arewa suke tafiya. In ka ji ka maƙale a jikin gini ba ka san dalili ba, kusan kullum wannan ne. Dubi ƙaramar taswirar da ke ƙasan allo, tana nuna inda ƙafafu suka dosa da inda ido ke kallo. F na juyo da ƙafafu su bi ƙirji, C na dawo da ƙirji daidai da ƙafafu, X na tsayar da kai cak.

Wane mek za ka fara saya

Aji huɗu ne: marasa nauyi daga tan 20 zuwa 35, matsakaita daga 40 zuwa 55, masu nauyi daga 60 zuwa 75, sai manyan na kutse daga 80 zuwa 100. Zuciyar sabon ɗan wasa takan tafi ga Atlas ko Dire Wolf, masu tan 100. Mu dai ba mu ba da wannan shawara. Irin waɗannan ba su da gudu, in ka shiga lungun da bai dace ba babu fita, kuma duk abokan gaba su suke fara nema. Marasa nauyi irin Locust mai tan 20 su kuma harbi biyu masu kyau sun isa su karya musu ƙafa. Tsakanin tan 50 da 75 ne wurin koyo: Hunchback, Griffin, Bushwacker, Warhammer, Marauder.

Akwai kuma rabuwar fasaha gida biyu, Inner Sphere da Clan, kuma ba a haɗa kayan wannan da na wancan a mek ɗaya. Kayan Clan sun fi sauƙin nauyi, sun fi cin nisa, amma sun fi zafi da tsada. Da yawa daga mek ɗin Clan irin Timber Wolf da Stormcrow, waɗanda ake kira OmniMech, injinsu a kulle yake, ba a sauya shi. Don koyon haɗi tun daga tushe, na Inner Sphere ya fi, da shi za mu yi misali.

Kuma kada ka kashe duk kuɗinka a kan sayen mek ɗin kansa. Yadda yake zuwa daga shago bai shirya yaƙi ba. Gyaran da za ka yi masa, musamman inji da masanyaya, wato na'urorin da ke rage zafin mek, yana iya cin abin da ya kai kuɗin sayensa.

A ɗakin haɗi

A MechLab, wato ɗakin haɗa mek, abubuwa uku ne ke daure maka hannu: nauyi, gurabe, da mazaunan makamai. Nauyi ba ya wuce adadin tan na mek ɗin. Gurabe 78 ne a jikin kowane mek: 12 a tsakiyar ƙirji, 12 a kowane ɓarin ƙirji, 12 a kowane hannu, 6 a kai, 6 a kowace ƙafa, amma gaɓoɓi da inji da ɗakin matuƙi sun riga sun cinye wasu. Mazaunan makamai kuwa su ke faɗin irin makamin da kowane sashe zai karɓa, ko na leza, ko na harsashi, ko na roka. Ba za ka iya ɗora igwa a mazaunin leza ba ko da kana da sauran nauyi.

Jerin da ya kamata ka bi shi ne sulke, sannan inji da masanyaya, makamai a ƙarshe. Sabon shiga yakan fara da makamai, in nauyi ya ƙare sai ya yanki sulke ya cike. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kashe mutane.

Sulke na yau da kullum maki 32 ne a kowane tan. Cika shi har ƙarshe tukuna, sannan in ka rasa rabin tan ka ɗan rage daga hannun da ba ya ɗauke da makami, ko kaɗan daga ƙafafu. A sassa uku na ƙirji, adadin sulken na raba ne tsakanin gaba da baya. Mek mai tan 50 yana da maki 64 na tsakiyar ƙirji da 48 na kowane ɓari. Yadda suke zuwa daga shago an zuba da yawa a baya. Mayar da mafi yawa gaba, ka bar tsakanin 6 da 10 a baya. Harbin da za ka sha daga gaba ya ninka na baya sau da yawa, kuma in har wani ya zauna a bayanka yana harbi, ƙarin maki 10 ba zai cece ka ba, juyowa ce za ta cece ka.

Inji shi ne wurin da ya fi bukatar natsuwa. Lambar injin ce ke ba da gudu: ka raba ta da nauyin mek, ka ninka da 16.2, ka samu kilomita a awa. Inji mai lamba 250 a mek mai tan 50 zai ba ka 81. Iri uku ne a ɓangaren Inner Sphere. Na Standard ya fi nauyi, amma a tsakiyar ƙirji kaɗai yake zaune, ko an cire maka ɓarin dama da na hagu duka kana nan a tsaye. Na XL ya fi kowanne sauƙin nauyi, sai dai yana cin gurbi 3 a kowane ɓari, kuma da zarar an fasa ɓari ɗaya ka mutu nan take. Na Light yana tsakani: gurbi 2 a kowane ɓari, in ka rasa ɓari ɗaya kana raye, gudunka da sanyayawarka ne za su ragu. A lamba 250, Standard tan 18.5 ne, Light 15.5, XL 12.5. Tan shida na bambanci yana da jan hankali, amma wanda bai iya kare ɓarin ƙirjinsa ba tukuna ya bar XL ga ƙananan mek masu dogaro da gudu. Light ne zaɓin sabon shiga. XL na Clan shi daban yake, gurbi 2 yake ci, kuma ana rayuwa bayan rasa ɓari ɗaya.

Lambar 250 tana da wani muhimmanci. Dole kowane mek ya kasance da masanyaya 10 aƙalla kafin a bar shi fita, kuma inji na ɗauke da guda ɗaya a cikinsa a kan kowane 25 na lambarsa. Mai 250 yana zuwa da 10 cif, ba su cin gurbi ko ɗaya. Mai 200 guda 8 gare shi, sauran 2 sai ka nemo musu wuri a waje. Daga 275 zuwa sama kuma, kowane ƙarin 25 yana buɗe maka wurin saka ƙarin masanyayi ɗaya a cikin injin.

Sauya masanyaya zuwa masu ninki biyu shi ne gyara na farko da za ka biya wa kuɗi, kusan a kowane mek. Nauyinsu tan ɗaya ne kamar na talaka, gurbi ne suka fi ci, 3 a Inner Sphere, 2 a Clan. Bayansa sai Endo Steel, wanda ke rage rabin nauyin ƙashin mek ɗin a madadin gurbi 14. A mek mai tan 50 ka tsira da tan 2.5 ke nan. Ferro Fibrous, wani sulke mai sauƙin nauyi, shi ma gurbi 14 yake ci, amma abin da yake rage maka bai kai na Endo ba, don haka kullum Endo ne farko, Ferro sai in gurabe sun yi saura.

Makamai: zaɓi nisa ɗaya

Mek ɗin da ke ɗauke da roka mai dogon zango ɗaya, igwa ɗaya, leza babba ɗaya da ƙarama biyu, a kowane nisa rabin makamansa ne kawai ke aiki. Yanke shawara tun farko: kusa za ka yi faɗa, ko matsakaicin nisa, ko nesa. Sannan ka tara makamai iri ɗaya ko biyu da nisansu ya yi daidai da juna.

Medium Laser tan ɗaya ce, gurbi ɗaya, ɓarna 5, cikakken ƙarfinta har mita 270, daga nan yana raguwa. Ba ta bukatar harsashi, zafi ne farashinta. AC/20 igwa ce mai tan 14, gurbi 10, ɓarna 20 a waje guda, ita ma mita 270. AC/10 tan 12, AC/5 tan 8, suna cin nisa fiye da ita, zafinsu kaɗan ne. SRM roka ce ta kusa da ake harbawa kai tsaye. Gauss tan 15 ce, sai ka riƙe madanni ta yi caji kafin ka saki, kuma bindigar kanta na fashewa in aka same ta. Ana gyara alƙaluman zafi da ɓarna lokaci zuwa lokaci, don haka karanta abin da ke rubuce a jikin makamin, amma nauyi da gurabe ba su cika motsawa ba.

LRM, rokar dogon zango, tana bukatar magana ta musamman, don ita ce ke yaudarar sababbi. Tana bin abokin gaba da kanta bayan ka kulle shi, ana iya harba ta daga bayan tudu, sai mutum ya ga kamar ya samu sauƙi. Amma ta Inner Sphere ba ta da amfani a kusa-kusa, ɓarnarta warwatsuwa take yi, na'urar dagula sigina ta ECM na hana kullewa, ƙaramar bindigar kariya ta AMS na kakkaɓo ta a sama, gini ma ya ishe ta. Abin da ya fi muni, mai ita yakan tsaya can baya shi kaɗai, sulkensa bai taimaki kowa ba, har ƙaramin mek ya zagayo ya cinye shi. Wanda ya fara da LRM yana jinkirta koyon saiti da koyon tsayuwa.

Ga cikakken misali da Hunchback HBK-4G mai tan 50. Ƙashin Endo Steel tan 2.5. Injin Light 250 tan 15.5, jimla 18. AC/20 a ɓarin dama, jimla 32. Lura da yadda lissafin ya zauna: gurbi 10 na igwar da 2 na injin sun cika 12 daidai, da XL ne mai cin 3 ba za ta shiga ba sam. Medium Laser uku, ɗaya a kai, ɗaya a kowane hannu, jimla 35. Sulke tan 10, wato maki 320 daga cikin 338 da jikin zai iya ɗauka: rage 5 daga kowace ƙafa, 4 daga kowane hannu. Jimla 45. Harsashin AC/20 tan 4, sai ƙarin masanyayi mai ninki biyu guda ɗaya a ɓarin hagu. Tan 50 cif, gudu 81, duk makaman suna aiki a mita 270.

Inda ka ajiye harsashi yana da muhimmanci. In sulken sashe ya ƙare aka ci gaba da dukan cikinsa, harsashin da ke wurin na iya fashewa, ɓarnar ta wuce zuwa sashen da ke kusa har ta kai tsakiyar ƙirji. Shi ya sa aka fi zuba shi a ƙafafu, inda gurbi biyu-biyu ke sake kuma ba a cika harbi ba a mek matsakaici. Wanda ya yi haka kada ya yanke sulken ƙafa da yawa. In dole sai a ɓarin ƙirji, kariyar harsashi da ake kira CASE na tsare fashewar kada ta ƙetara ciki. Tare da XL na Inner Sphere kuwa ba ta da amfani a wurin, tunda rasa ɓarin kansa mutuwa ce.

Kafin ka fita da sabon haɗi, kai shi Testing Grounds, inda taswira ke zama babu kowa sai mek na tsaye. Raba makamai rukuni-rukuni da madannan kibiya da Ctrl na dama: igwa a madannin hagu na maus, leza a na dama. Zaɓi taswira mai zafi irin Terra Therma ko Caustic Valley ka yi ta harbi kana ƙirga sau nawa za ka saki komai kafin ma'auni ya cika. In sau biyu ne kawai, cire makami ɗaya ka sa masanyayi.

Zafi

In ma'aunin zafi ya kai 100, mek ɗin na kashe kansa, ka tsaya ƙiƙam na wasu daƙiƙu a gaban wanda kake faɗa da shi. Madannin O na hana wannan mutuwar inji, amma duk lokacin da ka wuce iyaka ƙashin mek ɗinka ne ke ƙonewa daga ciki, kana iya kashe kanka. Amfaninsa shi ne harbi ɗaya na ƙarshe da zai gama da abokin gaba. Akwai kuma ƙarin zafin hukunci da ke hawa in ka harba makamai iri ɗaya da yawa a lokaci guda, misali Medium Laser fiye da 6, ko AC/20 biyu tare. MechLab na nuna gargaɗi a kan haka. Maganinsa ka raba su rukuni biyu, ka bar rabin daƙiƙa tsakani. Ka saba da ja da baya tun ma'auni na wajen 80, ka huce a bayan gini, sannan ka dawo.

A fagen fama

Danna R duk lokacin da ka ga abokin gaba. Wannan na nuna wa duk tawagarka inda yake, kuma bayan ɗan lokaci hoton jikinsa zai fito a kusurwar dama ta sama. Layin gefe shi ne sulke, cikin hoton shi ne ƙashi, launi na tafiya daga rawaya zuwa ja. Inda layin gefe ya ɓace, nan za ka harba. Mek na faɗuwa in an fasa tsakiyar ƙirji, ko kai, ko ƙafafu biyu, ko ɓari ɗaya in yana da XL na Inner Sphere. Ƙananan masu gudu, ƙafa ake nema.

Sai juya ƙirji, wanda shi ne bambancin wanda ya iya da wanda bai iya ba. Bayan ka harba, makamanka na bukatar daƙiƙa uku ko huɗu kafin su sake shiri. Kada ka tsaya kana kallon abokin gaba a wannan tsakani. Kawar da ƙirjinka gefe, harbinsa ya sauka a hannu ko ɓarin da ba shi da muhimmanci, sannan ka juyo ka harba. Mek mai tan 50 yana da sulke sama da maki 300, amma wanda ke tsayawa yana kallo, maki hamsin da 'yan kai na tsakiyar ƙirji kawai zai yi amfani da su kafin ya faɗi. A Hunchback ɗin da muka haɗa, kowa ya san igwar na ɓarin dama, can za su nufa. Juya dama, ka miƙa musu hagu. Ka kuma zaɓi kusurwar ginin da za ka leƙa ta dama, don igwar ta fito ba tare da duk jikin ya bayyana ba.

Makaman da ke hannu sau da yawa suna ƙasa da idon matuƙi. Kana ganin abokin gaba ta saman tudu, ka harba, harbin ya shige ƙasa a gabanka. Waɗanda ke kafaɗa ba su da wannan matsala, shi ya sa ake daraja mek masu mazaunai a sama.

Kada ka rabu da tawaga. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma a nan mutum biyu da suka haɗu a kan ɗaya suna gamawa da shi kafin ya yi musu wata ɓarnar kirki. Da zarar an fara, dubi taswira da B, nemi inda manyan mek ɗinku suke, ka bi su a gefe, kana harbin wanda suke harbi. Matsakaicin mek na kusa kamar Hunchback ya yi haƙuri a mintunan farko, ya ɓuya har a matso, don fita fili a mita 700 da igwar mita 270 asarar sulke ce kawai. Kada ka tsaya daf da bayan ɗan'uwanka da ke leƙe, zai so ja da baya ya tarar ka toshe shi. Kada kuma ka gitta gaban mai harbi, domin harbin ɗan'uwa na yin ɓarna, ana kuma cire wa mai harbin lada. Sau da yawa za ka ga tawaga na ta kewaya tsakiyar taswira tana bin wutsiyar abokan gaba, masu gudu a gaba, manya a baya ana cinye su ɗaya bayan ɗaya. In ka ga haka ta fara, tsaya tare da manyan.

Ka san kuma abin da ake nema a karawar. A Skirmish kashe kowa ne. A Domination dole wani ya tsaya cikin da'irar tsakiya, in ba haka ba agogon abokan gaba ya ƙare su ci. A Conquest wurare biyar ake kamawa, wanda ya fara tara maki 750 ya yi nasara ko da saura mek ɗaya gare shi. A taswira mai duhu ko hazo, N na kunna gani na dare, H na kunna gani na zafi.

Bayan karawa, gogewar da mek ya tara ana sayen ƙwarewa da ita, har guda 91 a kowane mek. Fara da ɓangaren ƙarin sulke da ƙashi, sai na rage zafi da ƙara sanyayawa, sannan na saurin sake shirin makami. Ka duba kuma kyaututtukan da aka rubuta a jikin kowane samfuri, waɗanda wasan ke kira quirks: 4G an ba shi fifiko a kan AC/20, don haka in ka cire ta ka sa wata bindiga, ka bar wannan fifikon a banza.